Sharhi kan wani shagon gyaran kwamfuta a Kano: zafi da rikicewar allo a kwamfutar DJ

Sana'ata sa kiɗa a wuraren biki, wato aikin da kowa ya fi sani da sunan DJ, kuma shekara bakwai ke nan ina yin ta a Kano da garuruwan da ke kewaye da ita. A cikin duk kayan da nake lodawa a mota, daga sifikoki da amfilifaya zuwa kwantirola, wato na'urar da nake sarrafa waƙoƙi da ita, da tarin wayoyi, babu abin da nake tsoron ya kunyata ni kamar kwamfutar tafi-da-gidanka, domin idan sifika ɗaya ta mutu ta biyu za ta riƙe taro, amma idan kwamfuta ta tsaya ɗakin gaba ɗaya ne zai yi tsit, idanun dangin ango da na amarya kuma su dawo kan teburina. Wannan sharhi ne a kan shagon da na kai tawa bayan ta yi mini haka. Da gangan na jinkirta rubuta shi har sai da gyaran ya ga hunturu guda da bazara guda, saboda ba a ranar da aka karɓo kwamfuta ake sanin ko an magance mata zafi ba.

Abin ya faru ne a wata liyafar dina bayan ƙaramar sallah, cikin watan Afrilu na 2024, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 da rana har ya wuce. Kimanin minti arba'in da fara aiki, zanen igiyar sauti da ke gudu a saman allo, wanda da shi nake daidaita bugun waƙa biyu, ya fara ɗingishi, yana tsayawa yana zabura. Can sai wasu ƙananan murabba'ai kore da ruwan hoda suka watsu a kan jerin waƙoƙi, sannan allon ya yi baƙi ƙirin na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo. Fanka tana ta ihu, gefen madannai ya ɗau zafin da ba a iya barin tafin hannu a kansa, batir kuma yana raguwa alhali caja na jone. Daidai lokacin da ƙawaye suka jeru za su shigo da amarya sauti ya fara tsinkewa yana ƙaras-ƙaras, sai na zare waya daga aljihu na jona ta da mikisa, da ita na ƙarasa daren.

Kwamfutar ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga ƙetare, ƙirar 2018, mai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai ƙwaya shida, da RAM, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da ke hannu, gigabait 8 a sanda ɗaya, da katin hoto biyu: ƙarami da ke cikin firosesa, da babba mai zaman kansa. Shekara uku tana hannuna ba a taɓa buɗe cikinta ba.

Kafin in isa shagon da nake magana a kansa na biya ta wurare biyu, kuma ya dace in faɗi abin da aka yi a can domin a fahimci dalilin da ya sa na ukun ya burge ni. A na farko ba a tambaye ni komai ba, aka ce ƙwayar cuta ce, aka goge kwamfutar aka sake loda Windows. Allah ya sa waƙoƙina da alamomin da na ɗauki shekaru ina sa musu suna kan faifan ajiya na waje, da asarar ta fi haka. Kwana biyu bayan nan matsalar ta dawo yadda take. A na biyu aka kalli hoton murabba'an da na ɗauka a waya, aka ce katin hoto ne ya saki, sai an hura masa wuta da na'urar iska mai zafi domin dalmar da ke ƙarƙashinsa ta narke ta sake kamawa. Hankalina bai kwanta ba, na ɗauki kayana na fito.

Wani abokin sana'a mai haɗa hotunan biki ne ya kwatanta mini shago na uku, a wani lungu da ke kusa da titin Beirut. Ƙaramin wuri ne, teburin aiki ɗaya, da kujerar baƙi mai cin mutum biyu, da kanta cike da gawarwakin kwamfutoci da ake cire kayan gyara a jikinsu. Mai shagon, wanda kowa ke kira Injiniya, yana da yaro ɗaya mai koyon aiki. Abin da ya fara jan hankalina shi ne bai taɓa sukundireba ba sai da ya yi mini tambayoyi masu yawa. Ya tambaye ni minti nawa take ɗauka kafin ta fara, da ko tana yi idan ina kallon bidiyo a gida, da abin da nake jona mata a wurin aiki, da a kan me nake ɗora ta. Da na gama amsawa ya ce, “Malam, ka koma ka zo mini da duk abin da kake jona mata a wajen biki, har da cajar da wayar da kake kai hoto babban allo. Idan ban ga ciwon da idona ba, lalube zan yi.”

Washegari na dawo da kwantirola da faifan waƙoƙi da wayar HDMI, muka shimfiɗa su kamar ana shirin taro. Ya bar ni na shigar da kalmar sirri da hannuna, ya kuma ce in zauna in ga duk abin da zai buɗe, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da kwamfutarsa ke ɗauke da hotunan iyalan mutane. Ya sa wata manhaja ta kyauta mai suna HWiNFO wadda ke nuna zafin kowane ɓangare da saurin firosesa, sannan ya ce in yi aiki yadda na saba. Tun ba a ɗora waƙa ba firosesar tana kan digiri 64 a ma'aunin Salshiyas. Da na ɗora waƙa biyu, na kunna raba murya da kiɗa, na tura hotuna zuwa talabijin ɗin shagon, ba a yi minti goma ba ta kai 98. Ya nuna mini layin da ke faɗin sauri, yadda ya faɗo daga kusan gigahaz 4 zuwa megahaz 800, kuma a daidai wannan daƙiƙar zanen igiyar sauti ya fara ɗingishin da na sani.

Bayanin da ya yi mini a nan ya tsaya mini a rai, domin shi ne karo na farko da wani ya haɗa mini zafi da tsinkewar sauti ta hanyar da na gane. Yawancin firosesoshin Intel na irin waɗannan kwamfutoci iyakarsu digiri 100 ce, kuma idan suka kusanci wannan iyaka sukan rage gudunsu da kansu domin kada su ƙone. Ga mai rubuta takarda wannan ragewar ba ta wuce ɗan nauyi da zai ji ba. Ga mai sa kiɗa kuwa lamarin daban ne, saboda manhajar DJ tana da kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ne kawai ta shirya guntun sauti na gaba ta miƙa wa kwantirola, kuma duk lokacin da ta makara kunne zai ji ramin da aka bari. Ya ƙara da cewa a irin ƙirar tawa firosesa da babban katin hoto bututun jan ƙarfe ɗaya suke rabawa wajen fitar da zafi, don haka idan ɗaya ya ɗau wuta sai ya ja ɗayan.

Daga nan ya juya kan murabba'an, kuma a nan ne na ga bambancinsa da shago na biyu. Ya jira suka bayyana, ya dubi talabijin ɗin da muka jona, ya ga su ma a can. Ya ɗauki hoton allo da madannin da ke yin haka, ya tura wa wayarsa, murabba'an suna cikin hoton. Ya ce wannan ya wanke allon kwamfutar da siririyar wayar da ke bi ta maƙogwaron murfi, domin da a can ciwon yake, talabijin zai fito fes, hoton allo ma haka. Saura abu uku: katin hoto da ma'ajiyarsa, ko RAM wadda ƙaramin katin ke aro daga gare ta, ko direba, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin Windows da katin. Ya buɗe kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, mai suna Event Viewer, ya nuna mini lamba 4101 ta maimaitu sau da dama, ta daren dinar dai ba ta nan saboda gogewar da aka yi, amma ta kwanakin baya-bayan nan tana nan a jere. Ma'anarta, in ji shi, direban hoto ya daina amsawa, Windows ta jira daƙiƙa biyu, ta sake tayar da shi, kuma wannan tayarwar ce baƙin da nake gani. RAM kuwa ya bar manhajar MemTest86 tana gwada ta dare guda, ta fito ba kuskure.

Na tambaye shi batun hura wuta. Ya ce, “Malam, ina da na'urar, ga ta can, amma ba zan ɗora ta a kan kwamfutar da ban tabbatar katinta ya mutu ba. Dalmar nan sai an haura digiri 200 take narkewa, kuma sau da yawa abin da ake samu sauƙin 'yan makonni ne, daga baya ciwon ya dawo ya fi na da.” Ya ce hanyarsa ita ce ya gyara abu ɗaya ya gwada, sannan ya taɓa na gaba, domin idan ya canza komai a lokaci guda, ko an dace ba za a san wanne ne ya yi magani ba. Wannan tsari ya ci lokaci, amma ina ganin shi ne mafi darajar abin da na biya kuɗi a kansa.

Da ya buɗe bayan kwamfutar gani ya kori ji. A bakin siraran ƙarafan da iska ke ratsawa ta fita, waɗanda ke jere kamar haƙoran mataji, ƙurar hunturu uku ta haɗu da zare da gashi ta zama wani abu kamar guntun bargo, har ya ɗago ta da hantsaki a dunƙule ba ta rabu ba. Fankar tana juyawa, amma iskar ba ta da mafita. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen da ke janye zafi ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani, kuma ɗaya daga cikin 'yan faci masu laushi da ke zaune a kan ma'ajiyar katin hoto ya goce daga mazauninsa, ya bar ƙwayar ba abin da ke ɗauke mata zafi. Ya ce da wannan ƙwayar yake zargin murabba'an. Na lura da yadda yake aiki: ya cire igiyar batir kafin komai, ya danne fanka da yatsa lokacin da yake hura iska don kada ta yi gudun da zai lalata ta, ya goge tsohon man da sinadarin barasa na goge kayan lantarki, ya sa sabo ɗan kaɗan, ya ɗaure sukurorin ƙarfen bi da bi bisa lambobin da aka rubuta a jikinsu. Facin kuwa sai da ya auna kaurinsa kafin ya yanko sabo, ya ce idan ya fi na asali kauri zai ɗaga ƙarfen daga kan katin, a gyara wuri ɗaya a ɓata wani. A cikin fankoki biyu ɗaya tana karkarwa idan an juya ta da hannu, ya ce dole a sauya ta.

Da aka rufe aka sake gwajin da tsohuwar fankar, zafin ya tsaya tsakanin 80 da 84, saurin firosesa bai faɗi ba, murabba'an kuma ba su sake fitowa ba ko bayan awa biyu. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin da na zare wayar HDMI na mayar, allon ya sake yin baƙi, lamba 4101 ta sake shiga kundi. Wannan ya tabbatar da cewa ciwo na biyu yana zaman kansa. Da ya bincika sai ya ga direbobin hoton ba daga kamfanin kwamfutar suka fito ba, daga irin tarin nan ne da masu sayarwa da masu gyara ke ajiyewa a filas suna loda wa kowace na'ura, kuma na ƙaramin kati da na babba ba na zamani ɗaya ba ne, alhali a kwamfuta mai kati biyu dole su riƙa miƙa wa juna hoto. Ya tayar da Windows a yanayin da take tashi da mafi ƙarancin direbobi, ya share tsofaffin da manhajar Display Driver Uninstaller, ya sauko da waɗanda aka yi wa ainihin ƙirar daga shafin kamfaninta, ya fara da na ƙaramin kati sannan na babba. Bayan haka ya shiga saitin hoto na Windows ya umurci manhajar DJ ta riƙa aiki da babban kati kullum, maimakon a bar na'urar tana zaɓa mata. Ya kuma koya mini danna madannin Windows tare da Ctrl da Shift da B, wanda ke sake tayar da direban hoto ba tare da an kashe kwamfuta ba, ko da allo zai daskare a tsakiyar taro.

Ciwo na uku ni ne na fi kowa sakaci a kansa. Ya juya cajata ya karanta mini rubutun bayanta, bolt 19 da amfiya 3.42, wato wat 65. Ya juya kwamfutar ya nuna mini abin da take nema, bolt 19 da amfiya 6.32, wato wat 120. Shekara uku ina aiki da cajar da ke ba da abin da bai fi rabin bukata da kaɗan ba, don kawai bakinta ya shiga ramin. A aikin gida ba a gane wa, amma da zarar firosesa da babban kati sun tashi tare, sai na'urar ta riƙa cike giɓin daga batir, cajar kuma ta yi zafin da na daɗe ina ɗauka ɗabi'arta ce. Ya samo mini ta wat 120, ya kuma ba ni shawarar ƙara sandar RAM ta biyu mai gigabait 8, na amince.

Akwai abin da ya kamata masu sana'ata su sani game da dalilin da ya sa kwamfutocin da suka yi mana aiki lafiya a da suka fara gazawa. Manhajar VirtualDJ ta kawo fasahar raba waƙa kashi-kashi nan take a 2020, yadda za ka cire murya ka bar kiɗa ko ka cire ganguna ka bar murya, Serato DJ kuma ta kawo tata a ƙarshen 2022. Wannan aiki yana da nauyi ƙwarai, wata manhajar ta fi ɗora shi a kan firosesa, wata a kan katin hoto, kuma a biki irin namu inda ake cire muryar mawaƙi domin mai gabatarwa ya kira sunan uwar amarya ta fito liƙi, muna amfani da shi fiye da yadda muke zato. Idan aka haɗa da hotunan ango da amarya da ake turawa babban allo daga kwamfuta ɗaya, nauyin ya ninka. Manhajojin suna ba da damar a raba waƙoƙin tun a gida a ajiye, kuma tun da na fara yin haka ga waƙoƙin da na san za a nema, fankar ba ta cika ɗaga murya ba.

Shagon yana da nasa rauni, kuma ba zan rufe shi ba. Babban abin da ya ɓata mini rai shi ne alƙawarin lokaci. An ce mini fankar za ta iso daga Legas cikin kwana uku, ta ɗauki kwana tara, kuma a duk tsawon lokacin ba a taɓa kirana an gaya mini halin da ake ciki ba, ni ne nake bugawa. Jinkirin kaya daga nesa ba laifin mai shago ba ne, amma shirun nasa ne, kuma ya sa na ari kwamfutar wani na yi aikin kamu da ita ba tare da alamomin waƙoƙina ba. Na biyu, yaron shagon ne ya yi rufewar ƙarshe bayan sauya fanka, ya karya ɗaya daga cikin 'yan maƙallan robar murfin baya, ya kuma bar sukurori biyu ba a ɗaura ba. Da na koma Injiniya bai yi musu ba, ya ce, “Ka yi haƙuri Malam, laifina ne da ban duba bayansa ba,” ya sa sukurorin, amma maƙallin ya tafi ke nan, kusurwar tana ɗan buɗe baki har yau. Na uku, ba a ba da rasit, garantin wata ɗaya a kan fanka ma da baki aka faɗe shi, kuɗin kuma a dunƙule aka fara yanka mini sai da na nemi a rarrabe na aiki da na kaya. Da aka rarrabe na ga babu zalunci a ciki, domin ladan aikinsa duka, har da kwana biyun gwaji, bai kai kuɗin cajar ba, jimillar kuma ba ta kai abin da nake karɓa a dina ɗaya ba. Amma mai aiki da tsari irin nasa bai kamata ya bar wannan ɓangaren a haka ba.

Rauni na huɗu ya shafi iyakar saninsa, kuma duk DJ da zai je wurinsa ya riƙe shi. Ya san zafi, ya san hoto, amma sauti ba fagensa ba ne. Da ya ga kwamfutar ta samu lafiya sai ya shiga saitin manhajar ya rage ma'ajiyar wucin gadi ta sauti, wato girman guntun sautin da ake shiryawa a lokaci guda, zuwa 128, a tunaninsa ƙarami ya fi kyau tunda yana rage jinkiri tsakanin taɓa maɓalli da jin sauti. Haka ne, amma da sharaɗi. A sautin da ake ɗauka sau 44,100 a daƙiƙa, 128 na nufin kwamfuta tana da ƙasa da kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ta kawo guntu na gaba, 256 na ba ta kusan kashi 6, 512 kuma kusan kashi 12. Da na isa gida na ji ɗan ƙaras jefi-jefi, har gabana ya faɗi na ɗauka ciwon ne ya dawo. Na sa LatencyMon, wadda ke nuna direban da ke riƙe firosesa fiye da kima, ta nuna na wayfay. Na mayar da ma'ajiyar 256, na ɗauki al'adar kashe wayfay da bulutut kafin in fara aiki, ƙarar ta ɗauke. Da na gaya masa ya saurara, ya rubuta sunan manhajar a littafinsa, kuma ban ga ya ji haushi ba.

Shawarwarin da ya ba ni na yau da kullum ba duka na ɗauka ba, amma biyu sun yi mini amfani sosai. Na farko shi ne batun teburi. Masu kwalliyar ɗakin taro sukan lulluɓe teburin DJ da yadi mai santsi domin ya dace da adon wurin, kuma a kan wannan yadin nake ɗora kwamfutar da ke shaƙar iska ta ƙasa, ga amfilifaya a gefe tana huro mata nata zafin. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa kwamfutocinsu an yi su ne su yi aiki a inda zafi bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa muna kunna su a ƙarƙashin rumfa da azahar a watan Afrilu. Ya ce in sayi maɗaukin ƙarfe da ke ɗaga ta sama ya bar ƙasanta a buɗe, ya ce ya fi masa faifan nan mai fankoki da ake jonawa ta USB, wanda ke cinye rami ɗaya da kwantirola ko faifan waƙoƙi ke bukata. Na gwada duka biyun, kuma a kwamfutata maɗaukin kaɗai ya wadatar. Na biyu shi ne rage iyakar ƙarfin firosesa zuwa kashi 99 cikin ɗari a saitin wuta na Windows, wanda ke hana ta zaburar da take yi sama da gudunta na asali. Wannan ya sauko da zafin da kusan digiri goma, sai dai raba waƙa nan take yakan ɗan yi nauyi, don haka a taron rana a waje kawai nake sa shi, a ɗaki mai na'urar sanyaya kuma in mayar da shi 100.

Tun daga watan Mayu na 2024 na yi aiki da kwamfutar a bukukuwa masu yawa, na ɗaki da na fili, da wutar gari da ta janareta. Murabba'an ba su dawo ba, allon bai sake yin baƙi ba, kuma mafi girman zafin da na gani shi ne digiri 86, a wani kamu da aka yi a tsakar gida da la'asar. Wanda kwamfutarsa ke nuna irin waɗannan alamu, kuma yake da kwanakin da zai iya rabuwa da ita, zai amfana da wannan shago, da sharaɗin ya je da duk kayan da yake jonawa, ya nemi a rubuta masa abin da aka yi da kuɗin kowane abu, ya duba sukurori da kusurwoyi kafin ya bar wurin, ya kuma kula da saitin sautinsa da kansa. Wanda yake da biki jibi kuwa ya tanadi wata kwamfutar tukuna, domin Injiniya ba ya gaggawa, kuma ba lallai ne ya kira ba.

A ƙarshen watan Fabrairu na 2025, da ƙurar hunturu ta lafa, na mayar da ita domin a share kafin bazara ta shigo. Ya buɗe a gabana, ya nuna mini siririyar ƙurar da ta fara taruwa a bakin ƙarafan, ya goge ta da buroshi. Na ce ya sake mata man, ya duba ma'aunin zafi ya ce babu bukata tukuna, ba zai ɗaga ƙarfen da ke zaune daidai ba. Kuɗin shara kawai ya karɓa, shi da kansa ya rufe murfin, kuma a wannan karon ya yago takarda daga littafinsa ya rubuta mini kwanan wata da digirin da ya gani, 47 ba aiki, 79 da waƙa biyu da hoto a talabijin, ya ce in zo da takardar idan na dawo baɗi.